Ɗora wa tsohon inji mai kafireto sufacaja: ina wahalar take?

Injin Chevrolet 350, mai lita 5.7 da silinda takwas, wanda ya fara fitowa a 1967, ba ya iya jan iskar da ta wuce lita 5.7 a kowane juyi biyu na karanshaf, a aikace ma da wuya ya kai hakan. Abin da ke tura iskar cikin silinda shi ne nauyin sararin sama, psi 14.7 (psi ma'aunin matsi ne, laba a kan kowane inci murabba'i) a bakin teku. Duk gyaran da makanike zai yi wa tof silinda da kamshaf da salansa, buɗe wa wannan 14.7 ɗin hanya kawai yake yi. Sufacaja kuwa famfon iska ce da bel ke juyawa daga karanshaf, aikinta ta ɗora wani matsi a kan na sararin sama. In ta ƙara psi 6, lissafin takarda ya ce iska ta ƙaru da kashi 40 cikin ɗari. A kan titi abin da ke zuwa hannu yakan tsaya wajen kashi 30, domin iskar da aka matse tana yin zafi ta rage nauyi, ita ma sufacajar sai ta ci nata rabon daga ƙarfin injin kafin ta ba da komai.

Ɗaure ta a kan inji aikin yini ɗaya ko biyu ne. Abin da ke cin lokaci, yake kuma cinye fistin, shi ne kafireto da distirbuto. Su biyun da zuƙar iska suke gane halin da inji yake ciki: zuƙa mai ƙarfi na nufin mota na tafiya a hankali, zuƙa ta faɗi na nufin an taka totur, a ƙara mai a rage gaggawar wuta. Babu wanda ya ƙera su da tunanin za a wayi gari matsin cikin manifol ya fi na waje. Da zarar sufacaja ta shigo tsakani, labarin da ke isa gare su ya gurɓace, kuma yawancin aikin shi ne a sake kai wa kowane ɗayansu labarin gaskiya.

Hanya biyu ce, kuma duka tsofaffi ne. Ko dai a sa kafireto a gaban sufacaja, ta riƙa zuƙo iska da mai a haɗe, kamar yadda aka yi wa Bentley mai lita huɗu da rabi a 1929, inda kafireton SU ke manne a bakin sufacajar a gaban lagireto. Ko kuma sufacaja ta zo da farko ta hura busasshiyar iska cikin kafireto, kamar Studebaker Golden Hawk ta 1957, wadda McCulloch ke hura wa injinta mai inci kubik 289 har ya ba da ƙarfin doki 275, kafireton kuma yana rufe cikin akwatin ƙarfe. Nau'in Roots, mai dunƙulallun fukafukai biyu da ke juyawa cikin juna, yawanci tsarin zuƙa ake yi masa. Asalinsa ma ba na mota ba ne: 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots na jihar Indiana, suka yi masa rajista a 1860, aka daɗe ana hura wutar narka ƙarfe da shi. Shahararriyar 6-71 da ke leƙowa ta bonet ɗin motocin tsere daga injin dizal na GMC aka ciro ta. Nau'in fanka, irin su McCulloch da Paxton da Vortech, shi ake yi wa tsarin hurawa. Roots na ba da matsi tun daga ƙaramin juyi, mota ta yi ƙarfi da zarar an taɓa totur. Na fanka sai juyi ya hau matsinsa ke hawa, don haka ya fi sauƙi ga tsohon inji da tsohuwar giya, ya fi kuma shiga ƙarƙashin bonet ba tare da an yanka shi ba.

Kafin a sayi komai a auna injin. Kwamfureshan na silinda duka kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari, gwajin zurarewar iska kuma in ya nuna fiye da kashi 15 a wata silinda, to a gyara zobba ko bawul tukuna. Sai lissafin da ya fi kowanne muhimmanci: a raba ƙarin matsin da 14.7, a ƙara ɗaya, a ninka da kwamfureshan ɗin injin. Inji mai 8.5:1 da psi 6 zai ba da kusan 12:1, wanda shi ne iyakar da masu wannan sana'a suka saba tsayawa a kai da fetur mai kyau na gidan mai. Injin 350 na 1969 ko 1970 mai 10.25:1 kuwa, da wannan psi 6 ɗin zai kai 14.4:1, kuma fetur ɗin famfo ba zai ɗauka ba. Shi ya sa injinan da General Motors ta rage wa kwamfureshan daga 1971 zuwa wajen 8.5:1, waɗanda ake rainawa saboda rashin ƙarfi, suka fi na baya dacewa da sufacaja.

Abin da ake gudu shi ne ƙwanƙwasa. Fulogi ya kunna wuta, wutar na tafiya a tsanake, sai ragowar cakuɗar da ke gefen silinda ta yi zafi ta fashe da kanta gaba ɗaya. Ana jin ƙarar kamar tsakuwa a cikin gwangwani, amma da kukan sufacaja da salansa mai ƙara, sau da yawa kunne ba ya kamawa. Bugun kan fasa dandamalin da ke riƙe zoben sama a jikin fistin, ya ƙone gasket ɗin tof silinda, ya daddake metal ɗin kwanrod. Fistin na zubi da kamfani ya sa zai jure psi 5 zuwa 6 shekara da shekaru muddin ba a bar shi ya ƙwanƙwasa ba, amma daƙiƙa kaɗan na ƙwanƙwasa a cikakken totur sun isa su gama da shi. Fistin na ƙira ya fi haƙuri, kuma wanda zai wuce psi 8 ba shi da zaɓi sai shi. In an buɗe injin, a faɗaɗa ratar zobba: inji na yau da kullum ana ba zoben sama wajen inci 0.0045 ga kowane inci na faɗin silinda, mai sufacaja kuma 0.005 zuwa 0.0055. A silindar 350 mai faɗin inci huɗu, hakan inci 0.020 zuwa 0.022 ke nan, kusan rabin milimita ko ɗan fiye. Zoben da ratarsa ta yi kaɗan, in ya yi zafi bakunansa biyu na haɗuwa, ya cije a bangon silinda, ya ɓalle kan fistin.

Zafin iskar ma lissafi gare shi. Matse iska mai digiri 30 zuwa psi 6 na ƙara mata digiri 31 ko da famfon ba shi da aibi ko kaɗan. Tsohuwar Roots ingancinta wajen rabi ne, don haka ƙarin ya kai 62, iskar ta shiga manifol tana digiri 92. Ta fanka mai inganci kashi 70 za ta tsaya wajen 74. A Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, inda zafin rana kan wuce digiri 40, Roots ɗin za ta haura 100 kafin a lissafa zafin da ke ƙarƙashin bonet. Ga shi gidajen manmu fetur iri ɗaya suke sayarwa, babu mai oktan mai yawa da za a zaɓa kamar a Amurka ko Turai. Duk lambar da aka gani a littafin kamfanin Amurka, a nan sai a rage mata: psi 4 ko 5 a wurin 6, kuma iskar shiga a jawo ta daga gaban mota, ba daga saman salansa ba.

A tsarin zuƙa kafireto na zaune cikin iskar waje yadda ya saba, matsin famfon mai na psi 6 zuwa 7 bai canza ba, fulot ɗinsa, wanda ke yawo a kan man cikin kwano yana tsayar da shigar mai in ya cika, na nan lafiya. Man da ke ratsa fukafukan ma yana tururi ya rage wa iskar zafi. Girma kawai zai ƙara: a ninka inci kubik da juyin ƙarshe, a raba da 3456, a ninka da rabon matsin (1.41 a psi 6). Injin 350 a juyi 5,500 yana son cfm (ƙafa kubik na iska a minti) 557, da psi 6 kuma wajen 785, wato kafireto mai 750 ko 800. Tarkon yana wurin bawul ɗin ƙarin mai. A kafireton Holley wannan bawul yana da lamba a jikinsa, misali 6.5, ma'ana zai buɗe ya ƙara mai idan zuƙa ta faɗi ƙasa da inci 6.5 na ma'aunin zaiba. Daga gindin kafireto yake karanta zuƙar. To amma yanzu gindin kafireto yana saman sufacaja, ita kuwa kullum cikin zuƙa take. Direba na hawan tudu da rabin totur, manifol ya riga ya shiga matsi, amma a gindin kafireto zuƙa na nan da ƙarfinta, bawul ɗin na rufe, injin na aiki mai nauyi da man tafiyar hutu. A nan fistin da yawa suke narkewa, ba a cikakken totur ba. Maganinsa a toshe ƙaramar hanyar da ke kai masa zuƙa daga gindi, a huda wata daga gefe, a ja tiyo zuwa manifol ɗin da ke ƙarƙashin sufacaja. Kafireton da ake sayarwa don wannan aiki da haka yake zuwa.

Wannan rarrabewar ta shafi kowane tiyo. Sabon birki, wato gwangwanin da ke ƙara wa birki ƙarfi, da tiyon da ke zuƙe tururin baƙin mai suna son zuƙa a kowane lokaci, wurinsu sama da sufacaja. Gwangwanin da ke jikin distirbuto mai ƙara gaggawar wuta kuwa, in aka haɗa shi can sama zai ci gaba da ƙara wuta alhali inji na cikin matsi. Ko a kai shi manifol, ko a cire shi. Sannan manifol ɗin dole ya kasance da murfin tsaro mai sifirin, domin cike yake da cakuɗar mai da iska, in inji ya yi atishawa sau ɗaya ba tare da mafita ba, fukafukan na iya lanƙwashewa ko gidan ya tsage. Saboda wannan dalili ne ba a jan dogon bututu zuwa intakula, wato lagireton sanyaya iskar da aka matse, a tsarin zuƙa. Totur ma yana son ƙarin feshi, domin tazarar da mai zai yi kafin ya kai bawul ta ƙaru, shi ya sa ake sauya famfon feshi na Holley daga mai cc 30 zuwa mai cc 50.

Tsarin hurawa ya fi ba da dama, tunda busasshiyar iska za a iya bi da ita ta intakula, amma ya fi wahalar da kafireto. Matsala ta farko ita ce mai ma ya samu shiga. Kwanon fulot dole ya ji matsin da maƙogwaron kafireto ke ji, in ba haka ba iska za ta tura mai baya ta cikin jet. Shi ya sa hular da ake kifa wa kafireto take rufe har da bututun numfashin kwanon. To in kwano na cikin matsin psi 6, famfon mai kuma psi 6 yake bayarwa, ba ɗigon da zai shiga. Mota za ta tashi da ƙarfi, ta shanye abin da ke kwano cikin 'yan daƙiƙu, mai ya yanke a daidai lokacin da inji ya fi buƙatarsa. Dole matsin mai ya riƙa hawa tare da na iska, psi ɗaya ga psi ɗaya: in tushe 6.5 ne, a matsin 6 ya zama 12.5. Ana yin haka da famfon lantarki mai ƙarfin da ya wuce hakan, da regileta mai mayar da rarar mai tanki, wadda aka ja wa tiyo daga hular kafireto. Daga hular, ba daga manifol ba, domin manifol na yin zuƙa in an saki totur, ya ja matsin mai ƙasa. Tsofaffin motocin Studebaker famfonsu na inji ne, sai aka kai matsin sufacaja bayan fatar famfon, aka samu sakamako iri ɗaya.

Fulot na tagulla mai rami a ciki na iya lotsewa da matsi, sai a sa mai tauri na nitrofil. Allurar shigar mai a ƙara mata faɗi, daga inci 0.110 zuwa 0.120 ko 0.130. Sandar bataflai (murfin da totur ke buɗewa a maƙogwaron kafireto) da ta ci, wadda a da ɗan iska kawai take ja, yanzu fetur za ta riƙa fesowa waje a kan inji mai zafi, don haka sai an sa mata bushin da sil, ko a rufe kafireton gaba ɗaya cikin akwati kamar yadda Paxton ta yi. Bataflai na biyu mai buɗewa da zuƙa ba ya aiki daidai a nan, na sanda ake so. Kafireton kuma ƙarami ya fi, 650 ya ishi 350, saboda iskar da ke ratsa shi a matse take.

Akwai wani abu da ko an yi duk wannan ba ya gyaruwa da kansa. Man da kafireto ke bayarwa ya dogara ne ga faɗuwar matsi a maƙogwaronsa, nauyin iskar da ke wucewa kuwa ya dogara ga wannan faɗuwar da kuma kaurin iskar. Saboda haka in iska ta yi kauri, cakuɗa na tsinkewa daidai da tushen murabba'in ƙarin kaurin. A misalinmu na psi 6 da digiri 74, kaurin ya ƙaru da kashi 23, cakuɗa ta tsinke da kusan kashi 11. Kafireton da ke ba da iska 12.5 ga mai 1 zai koma 13.9, alhali inji mai matsi 11.5 zuwa 12 yake so. In aka ƙara manyan jet don a cike giɓin, mota za ta riƙa hayaƙi da cin mai a tafiyar yau da kullum. Gyaran da ya dace shi ne a bar manyan jet kusa da yadda suke, a faɗaɗa ƙananan ramukan da ke bayan bawul ɗin ƙarin mai, kaɗan-kaɗan, domin su sai an yi lodi suke aiki. Ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa, don haka a fi son irin mai zare da ake sauyawa. Sai bawul ɗin sakin iska tsakanin sufacaja da hula: in direba ya saki totur a babban juyi, bataflai ya rufe, fanka na ci gaba da turo iska ba ta da wurin zuwa, ta koma ta bugi fankar ta jefar da bel.

Wuta kuma sai an ja ta baya. Injin 350 mai tsohon tof silinda yakan so jimillar digiri 34 zuwa 36. Cakuɗa mai kauri ta fi saurin ci, don haka da matsi ana saukowa 26 zuwa 30, ana cire digiri ɗaya zuwa biyu ga kowane psi. Juya distirbuto baya kawai ba ya yi, domin hakan zai rage wutar silo, inji ya yi nauyi ya riƙa obahitin a cunkoso. Abin da ake so shi ne wutar farko mai yawa, 14 zuwa 18, a taƙaita tafiyar ma'aunan cikin distirbuto. Mafi kyau a sa akwati irin MSD 6BTM, mai tiyo zuwa manifol, wanda ake saita shi ya cire daga sifili zuwa digiri uku ga kowane psi. Fulogi a sa mai sanyi da mataki ɗaya ko biyu, a matse bakinsa zuwa milimita 0.75 ko 0.9, domin tartsatsi na shan wuya wajen tsallaka iska mai kauri.

Yawan man ma a lissafa shi. Inji mai sufacaja na cin kusan laba 0.6 na fetur ga kowane ƙarfin doki a awa. Doki 400 ke nan laba 240, kusan lita 147 a awa, kuma famfon ya iya ba da hakan a matsin da zai yi aiki, ba a buɗaɗɗen baki ba. Bututun milimita 8 da tsofaffin motoci da yawa suka zo da shi ya yi kaɗan, a sa na 10 tun daga cikin tanki.

Girman fuli ke ƙayyade matsi. Sufacajar Roots ta Weiand 142 na tura inci kubik 142 a kowane juyinta, injin 350 kuma na shan 175 a kowane juyinsa. In fulin karanshaf ya ninka na sufacaja sau 1.95, za ta turo 277, wato ninki 1.58, psi 8.5 a takarda. Zurarewa ta gefen fukafukai kan sauko da shi, allura ta tsaya ƙasa da haka. A juyi 5,500 na inji ita tana 10,725, kuma kowace sufacaja na da iyakar da kamfani ya rubuta mata, bayan nan zafi kawai take ƙarawa. Lissafin ɗaya ne ga ƙaramin inji mai lita biyu irin na Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna: yana shan kusan lita ɗaya a juyi, Eaton M45 ta Mini Cooper S na tura kusan lita 0.74, ninki biyu zai ba da wajen psi 7 a takarda. Sai dai irin wannan don busasshiyar iska aka yi ta, fetur na iya cin shafen fukafukanta ya wanke giris ɗin boris na baya, don haka hurawa ta fi mata.

Wajen ɗaurawa, notunan da ke riƙe gidan Roots ƙarfi kaɗan suke so, a bi su a gicciye. In aka danne ɗaya fiye da saura gidan alminiyon na murɗewa, fukafukai su fara gogar bango. A juya ta da hannu bayan kowane zagaye na ɗauri. Bel mai haƙori a bar masa ɗan sako yana sanyi, domin alminiyon na kumbura da zafi ya ja shi, bel mai tsauri kuwa hancin karanshaf da metal na gaba yake ci.

Saiti a fara shi da babban fuli a kan sufacaja, wuta a baya, mai da ɗan yawa, da agogo uku a gaban direba: na matsin manifol, na matsin mai, da na cakuɗa mai karatu daga salansa. Gwaji gajere a giya ta uku, a sauya abu ɗaya kawai kafin na gaba, a ciro fulogi a duba. Ɗige-ɗige baƙaƙe ko masu ƙyalli a jikin farin tangaran alama ce ta ƙwanƙwasa, masu ƙyallin alminiyon ɗin fistin ne, a tsaya nan take a rage wuta. Matsi ya faɗi a babban juyi ga baƙar ƙura a kusa da fuli, bel ke sulɓi. Cakuɗa ta fara da kyau ta tsinke a ƙarshen dogon gudu, kwano ne ke ƙarewa, a duba famfo da bututu da allura, kada a taɓa jet. Atishawa a farkon taka totur, feshi ya yi kaɗan. Baƙin mai ya fara fitowa ta sandar awo bayan gudu, yawanci dandamalin zobe ya riga ya karye, sai a auna kwamfureshan kafin a sake kunna motar. Lagireton asali, kuloci, da birkin ganga na motar 1960 da wani abu duk don ƙarfin da ta fito da shi aka auna su, kuma kuɗinsu na cikin kuɗin wannan aiki tun ranar da aka fara lissafi.